Jirgin Kaya Bai Shigo Ba: Ƙarancin Ma'aikata Ne Ko Bukukuwan Yahudawa?

A wasu garuruwan jihar New Jersey ta Amurka, irin su Lakewood, idan mako ya shige jirgin ƙasa mai dakon kaya bai leƙo ba, bayani iri biyu ake ji. Wasu su ce kamfani ne ya rasa direba da kwandastan da za su fito da shi. Wasu kuma su ce kayan ne babu, domin lokacin bukukuwan Yahudawa ne, 'yan kasuwa sun kulle, magina sun ajiye kayan aiki. Wanda yake nesa zai ji bayani na biyun kamar zolaya: me ya haɗa idin wata al'umma da taragon katako? Wani kuma zai ɗauke shi hujja ga tsohuwar maganar nan ta cewa Yahudawa ne suke juya tattalin arzikin Amurka yadda suka ga dama.

Dalilan biyu duk suna faruwa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗaya a rubuce yake cikin kalanda shekaru kafin ya zo, kuma tasirinsa bai wuce wasu 'yan garuruwa ba. Ɗayan kuwa shawara ce da manyan kamfanoni suka yanke da hannunsu, ta shafi ƙasar baki ɗaya.

Wane irin jirgi ake magana a kai?

Jiragen kaya a Amurka kashi biyu ne ta fuskar aiki. Akwai dogayen da ke tashi daga babban yadi, wato filin da ake tara taragai ana haɗa su, zuwa wani babban yadi, su ja tarago ɗari ko fiye, su ratsa jihohi. Akwai kuma ƙaramin jirgin yanki, wanda shi ne abin maganarmu. Yakan fito daga yadi da taragai biyar, goma ko ashirin, ya bi ta ƙofar masu karɓar kaya ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri kwandasta zai sauka ya juya layi da hannu, a tura cikakken tarago cikin ɗan reshen da ya shiga harabar kamfanin, a janyo wanda aka sauke, a ɗaure birki, a wuce gaba. Aiki ne mai cin lokaci, kuma kuɗin da yake kawowa a awa ɗaya bai kai na dogon jirgi ba ko kusa.

Sai dai mai sayar da katako ko mai gidan burodi bai san dogon jirgi ba. Wannan ƙaramin shi ne jirginsa. Tarago zai iya tasowa daga Kanada ya yi tafiyar dubban kilomita lafiya, ya zo ya kwana goma a yadin da bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba daga mai shi.

Manyan kamfanonin jirgin kaya shida ne a Amurka da Kanada tun 2023. Bayansu akwai ƙananan kamfanoni kimanin 600 masu riƙe da gajerun layuka. A arewaci da tsakiyar New Jersey akwai wani tsari na daban. Gwamnati ta kafa Conrail a 1976 daga ragowar kamfanonin da suka karye, irin su Penn Central. A 1999 Norfolk Southern da CSX suka raba shi, na farko ya ɗauki kashi 58, na biyu kashi 42, amma suka bar wani ɓangare da sunan Conrail yana yi musu aikin kai kaya ƙofa-ƙofa a wuraren da dukansu ke da abokan ciniki.

Me ya sa Lakewood?

Lakewood gari ne a gundumar Ocean, kimanin kilomita 100 kudu da birnin New York. A 1943 malamin Yahudawa Aharon Kotler ya kafa makarantar addini ta Beth Medrash Govoha a can, wadda a yau ita ce mafi girma irinta a wajen Isra'ila. Ɗalibai suka riƙa zuwa, su yi aure, su zauna, su hayayyafa. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 92,843 a garin, ta 2020 ta samu 135,158, ya zama na biyar a yawan jama'a a jihar. Mafi yawansu Yahudawa ne masu tsananin riƙo da addini.

Garin da ya ƙaru da kusan rabi a shekara goma, gini ba ya yankewa a cikinsa: gidaje, makarantu, majami'u, shaguna. Gidan Amurka kuwa katako ne ƙashin bayansa. Shi ya sa tsohon layin dogon da ya ratsa garin bai mutu ba, duk da cewa jirgin fasinja ya daina bin sa tun da daɗewa. Babban mai karɓar kaya a ƙarshen layin shi ne kamfanin katako na Woodhaven. Shekaru da dama jirgin Conrail yana fitowa daga yadin Browns, ya hau layin jiragen fasinja na NJ Transit zuwa Red Bank, sannan ya gangaro kudu a kan layin da ya tsufa, inda gudunsa bai wuce kilomita 16 a awa ba. Galibi sau ɗaya a mako.

A riƙe wannan "sau ɗaya a mako" ɗin, domin a nan gizo yake saƙa. Inda jirgi ke zuwa kullum, in ya yi fashi yau gobe yana nan. Inda yake zuwa mako-mako, fashi ɗaya kwana goma sha huɗu ne ba kaya.

Ina ma'aikatan suka tafi?

Ba ɓacewa suka yi ba, sallamar su aka yi. Wani shugaban kamfanonin jirgi mai suna Hunter Harrison ya yaɗa tsarin da ake kira PSR, wanda ya gwada a Illinois Central da Canadian National da Canadian Pacific, kafin ya kawo shi CSX a 2017, shekarar da ya rasu. Tsarin a taƙaice: a rage yawan jirage a ƙara musu tsawo, a rufe wasu yadukan, a jingine kawunan jirgin da ba a amfani da su kullum, a rage ma'aikata. Masu hannun jari suka ga abin da suke so. A 2019 abin da CSX ke kashewa a kan aiki ya sauko ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na kuɗin da yake samu. Sauran kamfanoni suka bi sahu.

Da annobar korona ta zo a 2020, kaya suka ragu, aka ƙara tura dubban ma'aikata gida da cewa za a neme su. Kafin shekara ta zagayo ciniki ya farfaɗo fiye da yadda aka zata. Da aka koma neman mutanen, da yawa sun kama wani aikin, sun ɗanɗana kwana a gida kowane dare, suka ce a kai kasuwa.

A Afrilun 2022 hukumar STB, mai sa ido kan harkar jiragen kaya, ta yi zaman kwana biyu a Washington kan taɓarɓarewar aikin. Shugabanta na lokacin, Martin Oberman, ya nuna cewa manyan kamfanonin sun rage ma'aikata kimanin 45,000 cikin shekara shida, wato kashi 29 cikin ɗari. A watan Yuni hukumar ta ba Union Pacific umarnin gaggawa ya kai masara ga kamfanin kiwon kaji na Foster Farms a California, saboda miliyoyin kaji sun kusa rasa abinci. A wannan shekarar Union Pacific ya sanya takunkumin karɓar kaya a wurare daban-daban fiye da sau 1,000.

Me ya hana a ɗebi sababbi nan take? Kwandasta yana buƙatar horo na watanni. Direba daga cikin kwandastoci ake ɗaukarsa, a ƙara masa wani horon, ya samu takardar shaida bisa dokar tarayya. Bayan haka ma ba kowane layi zai tuƙa ba sai wanda aka tabbatar ya san shi, da gangarensa da mararrabarsa. Direban da ya ƙware a hanyar Philadelphia ba za a ɗauko shi da safe a ce ya nufi Lakewood shi kaɗai ba. Ga yanayin aikin: waya na iya ƙara kowane lokaci, dare ko rana, a ba mutum awa biyu ko ƙasa da haka ya iso. A farkon 2022 kamfanin BNSF ya fito da tsarin maki da ke zaftare wa ma'aikaci makinsa duk ranar da ya ce ba zai samu fitowa ba. Har ƙarshen shekarar, mafi yawan ma'aikatan ba su da hutun rashin lafiya na gajeren lokaci mai albashi. Kan wannan ne aka kai bakin yajin aiki, har majalisar dokoki ta tilasta yarjejeniya, Shugaba Joe Biden ya sa hannu ranar 2 ga Disamba, 2022. An samu ƙarin albashi kashi 24 cikin ɗari a tsawon shekara biyar, hutun rashin lafiyar kuma sai a 2023 kamfanonin suka fara amincewa da shi ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ƙaramin jirgi ne ke fara shan wahala

Doka ta ce ma'aikacin jirgi ba zai wuce awa 12 a bakin aiki ba, kuma sai ya huta awa 10 ba tare da an dame shi ba kafin a sake kiransa. A wata ba zai wuce awa 276 ba. In awa 12 ta cika, jirgi zai tsaya a inda yake, ko da a tsakiyar daji ne, a aiko mota ta kwashe su, a nemo wasu.

Yanzu a ɗauka mai rabon aiki yana da jirage biyu da direba ɗaya. Na farko dogo ne mai ɗauke da kwantenoni, wanda in ya tsaya zai toshe babban layi. Na biyu taragai shida ne na katako. Ba sai an yi duba ba, an san wanda za a soke. Ko an samu masu fitowa da ƙaramin, lissafin awanni yana iya hana shi kaiwa. Sai an haɗa taragai a yadi, a jira jiragen fasinja su ba da hanya, a yi tafiyar hawainiya a tsohon layi, a yi juye-juye a ƙofar kowane kamfani, a dawo. Jinkirin awa biyu da safe ya isa ya sa a yanke tafiyar, wanda ke can ƙarshen layi ya zama shi ne ba a kai gare shi ba. Lakewood kuwa a ƙarshen layi yake.

Kalandar da ke rufe kasuwa

Ga Bayahude mai riƙo da addini, Asabar ranar hutu ce cikakkiya, daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar. Ba ciniki, ba tuƙi, ba kunna wuta, ba amsa waya. A lokacin sanyi rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a New Jersey, don haka Juma'a rabin yini ce. Dokar ba ta tsaya kan mutum shi kaɗai ba: a mafi yawan lamura bai halatta ya sa wanda ba Bayahude ba ya yi masa aikin da shi aka hana shi a ranar.

Bayan Asabar akwai ranakun idi masu kusan irin wannan hukunci. A wajen Isra'ila 13 ne a shekara, a cikin Isra'ila 8. Bakwai daga cikin 13 ɗin sun taru a wata guda, watan Tishri, wanda ke faɗowa a Satumba ko Oktoba: kwana biyu na sabuwar shekara, wato Rosh Hashana, sai Yom Kippur, wato Ranar Kafara, a 10 ga wata, kwana biyun farko na Sukkot, wato Idin Bukkoki, a 15 da 16, sai kwana biyun rufewa a 22 da 23. Idin Ƙetarewa, Pesach, yana zuwa a Maris ko Afrilu, kwana takwas ne, biyun farko da biyun ƙarshe ba aiki. Shavuot kwana biyu ne, mako bakwai bayan haka.

Kwanakin tsakiyar Sukkot da Pesach ba haramcin aiki gaba ɗaya ba ne, amma an taƙaita shi, kuma ginin gida yana cikin abubuwan da malamansu suka tsananta a kai, ko da 'yan kwangilar ba Yahudawa ba ne. Makarantu na hutu, iyalai na tafiye-tafiye. A aikace, wurin ginin da mai shi Bayahude ne mai riƙo yakan yi tsit na kwana tara ko goma a jere, sau biyu a shekara.

Duk wanda ya taɓa ganin Kantin Kwari ana saura kwana uku Sallah, ya sake komawa washegarin Sallah, ya san yadda idi ke yi wa kasuwa: ba ya cinye ciniki, yana turo shi gaba ne ya tara shi wuri guda, sannan ya bar fili. Bambancin shi ne watannin Musulunci suna zagaya shekara, suna ja da baya da kwana 10 ko 11. Kalandar Yahudawa ma ta wata ce, amma suna ƙara wata na 13 sau bakwai a kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa barin lokacinsu. Abin da ke canzawa shi ne ranar makon da suke faɗawa, kuma ga harkar sufuri wannan ya fi komai muhimmanci.

A 2022 duka ranaku bakwai na Tishri sun faɗo a ranakun aiki: Litinin da Talata 26 da 27 ga Satumba, Laraba 5 ga Oktoba, Litinin da Talata 10 da 11, sai kuma Litinin da Talata 17 da 18. Mako huɗu a jere ba cikakke ko ɗaya. A 2023 shida daga cikinsu sun faɗo Asabar da Lahadi, Yom Kippur kaɗai ya ci ranar Litinin. A 2024 kuma Alhamis da Juma'a suka riƙa kamawa, suna haɗewa da Asabar, kwana uku cur a rufe har sau uku cikin Oktoba. Wanda ya gwada Oktoban wata shekara da na wata bai duba wannan ba, zai ga hawa da sauka ya ƙirƙiro musu dalilin da babu shi.

Abin da idi ke yi wa tarago

Jirgin ƙasa ba ya ganin idi a ranar idi. Taragon katakon da ya iso Lakewood yau, an yi odarsa makonni da suka wuce, an yi masa lodi a Kanada ko arewa maso yammacin Amurka ko kudancinta. Ɗan kasuwa mai hankali ya san kalanda, don haka zai cika sito kafin bukukuwa, saboda magina na rige-rigen rufe rufi da kammala abin da za su iya, sannan ya sassauta odar da za ta iso a tsakiyar hutun. In bai lissafa daidai ba, kaya za su taru a filinsa, ba ya sayarwa, sai ya rage oda ta gaba. Ke nan gibin zai iya bayyana a layin dogo mako uku ko huɗu bayan an gama idi, lokacin da mai kallon jirgi daga bakin hanya ya riga ya manta da shi.

Mutane kan ɗauka Idin Bukkoki na jawo cinikin katako mai yawa, tunda kowane gida na kafa rumfa ta wucin gadi a ci abinci a ciki na mako guda, a rufa ta da gora ko rassan itace. Ana sayen katako da falanki kam, amma iyalai da dama rumfarsu ta haɗawa da kwancewa ce, shekara-shekara ita ake fitowa da ita. Abin da rumfunan unguwa guda za su ci bai taka kara ya karya ba in aka gwada da rukunin gidaje ɗaya da ake ginawa.

Pesach ya fi taɓa kayan abinci. A kwanakin nan takwas haramun ne ci ko ma mallakar duk abin da aka yi da alkama, sha'ir da danginsu wanda ya kumbura. Gidajen burodin Yahudawa suna rufewa, abin da ya rage a sito a sayar da shi ga wanda ba Bayahude ba ta hannun malami har idi ya wuce. Odar fulawa na raguwa kafin lokacin, ta dawo da ƙarfi bayansa. Gurasar idin marar yisti, wadda dole a gama ta cikin minti 18 daga zuba ruwa, watanni kafin nan ake toya ta, don haka fulawarta a lokacin sanyi take tafiya. Wannan ya fi shafar Brooklyn, inda layin kaya na kamfanin New York and Atlantic ke ratsawa kusa da unguwar Yahudawa ta Borough Park, kuma fulawa na cikin kayan da yake ɗauka. Har Coca-Cola yana fitar da kwalabe masu ruwan ɗorawar marfi a lokacin, da sukarin rake maimakon zaƙin masara, saboda Yahudawan da asalinsu Turai ne ba sa cin masara a Pesach. Zaƙin masara a taragon tanki ake dakonsa, amma abin da wannan canji ke ragewa ɗigo ne a teku.

Kuma ba kowane mai karɓar kaya a layin ne Bayahude ba, ba kowane gini a gundumar Ocean ne nasu ba. Kamfanin katako na iya kasancewa a buɗe ranar Yom Kippur, ma'aikatansa na nan, tarago ya zo a sauke. Masu saye ne suka ragu, ba ƙofa aka rufe ba.

Kakar 2022, inda komai ya haɗu

Dalilin da ya sa gardamar ke da wuyar yankewa shi ne abubuwan sukan zo tare. A tsakiyar Satumban 2022 ƙasar na jiran yajin aikin jiragen ƙasa, wa'adinsa 16 ga wata, kamfanoni sun fara ƙin karɓar wasu kaya kafin a cimma matsaya ta wucin gadi ranar 15. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka shiga makonni huɗun bukukuwa. A lokaci guda babban bankin Amurka yana ƙara kuɗin ruwa tun Maris, har ruwan bashin sayen gida ya kai kusan kashi 7 cikin ɗari a ƙarshen Oktoba, gine-gine suka ja baya a duk ƙasar. Farashin katakon da ya haura dala 1,600 a ma'aunin kasuwarsa a Mayun 2021 ya riga ya faɗi warwas. Ga sanyi na tafe, wanda dama yana rage aikin gini.

Jirgin da ya zo da taragai kaɗan a irin wannan lokaci, kowa na iya rataya masa dalilin da ya fi so. Akwai dai hanyar bambancewa. In jirgi ya zo a ranarsa amma gajere, buƙata ce ta ragu. In bai zo ba alhali cikakkun taragai na zaune a yadi da sunan mai su, matsalar ma'aikata ce ko ta kan jirgi. In kuma ya ɓace mako biyu sannan ya bayyana da ninkin abin da ya saba ja, kaya ba su taɓa yankewa ba, hanya ce ta yanke.

Girman abin a ma'aunin ƙasa

Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta Yahudawan Amurka a mutum miliyan 7.5 a 2020, kimanin kashi 2.4 cikin ɗari na jama'a. Masu tsananin riƙo, waɗanda su ne ke rufe kasuwanci a duk waɗannan ranaku, kusan kashi 9 ne cikin ɗari na manyansu. Abin da ke cika jiragen kayan Amurka kuwa kwal ne, hatsi, sinadarai, motoci, tsakuwa da kwantenoni. Bukukuwan da ke sa alƙaluman mako-mako na ƙasa su nutse su ne Kirsimeti, sabuwar shekara, ranar 4 ga Yuli da hutun godiya na Nuwamba. Sabuwar shekarar Sinawa ma ana jin ta a tashoshin ruwan California makonni bayan masana'antun can sun rufe. Sukkot ba ya motsa waɗannan alƙaluma. Ana jin sa a Lakewood, a wasu unguwannin Brooklyn, a garuruwan Monsey da Kiryas Joel na jihar New York. Wanda ya ɗauki labarin reshen layi ɗaya mai kai katako ya gina masa zancen mallakar tattalin arzikin ƙasa, shaci-faɗi yake yi.

A Isra'ila lamarin daban ne, domin can kalandar ta ƙasa ce. Jiragen fasinja ba sa aiki ranar Asabar da ranakun idi, kuma gyaran layi a ranar Asabar ya sha tayar da rikicin siyasa, har ministan lafiya Yaakov Litzman ya ajiye muƙaminsa a kansa a Nuwambar 2017. A New Jersey babu dokar da ta hana jirgi tafiya ranar Yom Kippur.

Wa ke biyan kuɗin jinkirin?

Kamfanonin jirgi suna da nasu hanzarin, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa ƙarancin ma'aikata ya addabi kowace sana'a bayan korona, kuma ba za a ajiye mutum biyu da kan jirgi ana biyan su don taragai shida a mako ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na cewa ma'aikata suna nan, yanayin aikin ne ya kore su. Masu karɓar kaya kuwa ƙorafinsu kuɗin jinkiri ne. Ana ba mutum kwana ɗaya ko biyu ya sauke tarago, bayan haka tara ta fara hawa kullum. In jirgi ya yi fashi sannan ya juye wa mutum kayan mako biyu lokaci guda, reshensa ba zai ɗauka ba, ma'aikatansa ba za su gama ba, kuma shi za a aiko wa takardar tara. In wannan juyewa ta faɗo a jajibirin kwana uku na rufewa, ga kamfanin da ke rufewa, asarar ta ninku. A nan ne kawai idi da ƙarancin ma'aikata suke haɗuwa su yi illa tare, kuma a ganina laifin ya fi karkata ga wanda ya saɓa rana, tunda ranakun idin 2030 ma an san su tun yau.

Ɗan kasuwar da aka yi wa haka sau biyu ko uku zai koma tirela. Tarago ɗaya na ɗaukar kayan tirela uku zuwa huɗu, don haka kuɗin dako ya tashi, ya shiga farashin katako, ya shiga kuɗin gida da haya a garin da iyalai masu 'ya'ya da yawa ke fama da tsadar muhalli. Tirelolin kuma su sauka kan titi mai lamba 9, wanda cunkosonsa a Lakewood ya riga ya zama abin kwatance. Cinikin da idi ya ɗage yana dawowa bayan mako biyu. Wanda ya koma tirela ba kasafai yake dawowa ba, kuma raguwar taragan da ta biyo baya ita ce hujjar da kamfani zai kawo gobe don ƙara rage zuwan jirgin.

Abin da ya canza a layin

A Yulin 2022 wani ƙaramin kamfani, Delaware and Raritan River Railroad, ya karɓi aikin layin Lakewood da na Freehold daga Conrail. A 2023 aka kammala farfaɗo da kimanin kilomita 8 na layin da ya daɗe a yashe tsakanin Freehold da Farmingdale, abin da ya ba jirgin kaya damar isa Lakewood ta Jamesburg ba tare da jiran jiragen fasinja a hanyar Red Bank ba. Ƙananan kamfanoni galibi albashinsu bai kai na manya ba, amma ma'aikaci ya san lokacin fitarsa kuma yana kwana gida. Taragai shidan da babban kamfani ke gani kamar ɗawainiya, su ne abincin ƙaramin, don haka yana da dalilin kiran mai kaya a waya ya daidaita ranar zuwa da kalandarsa.

Iyakar gyaran shi ne ƙaramin kamfani ba ya kai abin da ba a miƙo masa ba. Taragan har yanzu sai sun bi ta hannun Norfolk Southern ko CSX, su ratsa yadin Conrail, kafin a ajiye su a wurin musaya. A Afrilun 2024 hukumar kula da lafiyar layin dogo ta tarayya ta fitar da ƙa'idar cewa mafi yawan jiragen kaya sai da mutum biyu a ciki, kamfanoni suka garzaya kotu. A Yulin 2025 kuma Union Pacific ya sanar da shirin sayen Norfolk Southern a kan kimanin dala biliyan 85, cinikin da sai STB ta amince, wanda kuma zai haɗa da kason Norfolk Southern a cikin Conrail.